Wataƙila faifan Baba bai mutu ba, yunwar wuta yake ji

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da wankin hoto a Samaru, Zariya, wanda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Makonni uku da suka wuce aka kawo wuta da ƙarfi, tsohuwar kwamfutar tebur da Baba ya bari ta yi ƙauri, ba ta sake tashi ba. Mai gyara ya ce bod ɗin, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ya ƙone. Na sayi wata ta hannu, aiki ya ci gaba, amma duk abin da na damu da shi yana cikin faifan ajiyar tsohuwar, mai gigabait 500: ayyukan ɗalibai uku da suka biya ban ba su ba, lissafin shago, da hotuna da bidiyon Baba na aikin Hajji, waɗanda babu su a ko'ina sai nan. Na cire faifan, na je kasuwa na sayi kesin, akwatin nan da ake sa faifai a ciki a jona shi da kwamfuta ta USB, da na dawo sai na ga faifan ya fi ƙarfinsa. Na mayar, mai shagon ya canza mini da wata waya, kai ɗaya USB, ɗaya kan kuma ya shiga faifan daidai. Na jona, ko motsi bai yi ba. Abokina ya ce ya mutu. Wani kuma ya ce in kawo ya yi masa fomatin ya farfaɗo. Hajiyarmu ta tambaye ni hotunan sau biyu, na kasa gaya mata. Malam, ya mutu ne? In bai mutu ba, wane irin kesin zan saya, kuma yaya zan haɗa?

Ƙaninka a Samaru

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bari.

Kafin komai, mai fomatin nan ka yi masa godiya, amma kada faifan ya taɓa hannunsa. Ban ce da mugunta ya faɗa ba, sai dai maganin da ya rubuta shi ne zai ƙarasa majinyacin. Fomatin ba gyara ba ne, share fili ne. Iri biyu ne: na saurin yana yaga littafin da ke nuna inda kowane fayil yake kwance, a wahala kafin a tsinto wasu. Cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin faifan daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili, bayansa babu boka babu malam. Balle ma faifan da bai juya ba, ta ina za a yi masa fomatin?

Yanzu ga dalilin da ya sa ban yarda da abokinka ba.

Faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had-dis, girma biyu ne a kasuwa. Akwai na laftof, mai inci 2.5, siriri, faɗinsa kamar santimita 7, tsawonsa 10. Akwai na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, faɗinsa santimita 10 da ɗoriya, tsawonsa kusan 15, kaurinsa ya haura 2 da rabi, ga nauyi a hannu. Naka na biyun ne, kesin da ka fara saya kuma na farkon ne, shi ya sa bai shiga ba. Tarkon da ka faɗa daga baya ya fi wannan wayo. Bakin da waya ke shiga jikin faifan, wanda ake kira SATA, iri ɗaya ne sak a jikin ƙaramin da babban: haƙora 7 na bayanai, 15 na wuta. Don haka wayar da aka canza maka dole ta shiga daidai, mai shagon bai yi ƙarya ba a nan. Abin da bai gaya maka ba, ko shi ma bai sani ba, shi ne ramin USB na kwamfuta bolt 5 kawai yake bayarwa, kuma ɗan kaɗan: rabin amfiya a USB 2.0, amfiya 0.9 a USB 3.0. Faifan laftof da wannan yake rayuwa, ya ishe shi. Na tebur kuwa wuta biyu yake ci, bolt 5 don ƙwaƙwalwarsa, bolt 12 don injin da ke juya farantan ciki. Juya faifan ka karanta takardar da ke manne a bayansa, za ka ga an rubuta 5V da 12V duka biyun. A lokacin tashi, kafin ya kai gudunsa, yakan ja kusan amfiya 2 daga layin bolt 12 ɗin. Wayarka ba ta da wannan layin kwata-kwata. Kamar ka jona injin markaɗe da batirin tocila ne, ka ce injin ya lalace.

Saboda haka shirun da ka ji ba shaidar mutuwa ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce, ba shaidar lafiya ba ne kuma. Wutar da ta ƙona bod tana iya ratsawa ta taɓa faifan. Kai shi gaban haske, ka duba koren allon da ke ƙarƙashinsa, musamman kusa da bakin wuta, ka kuma shinshina. In ka ga baƙin tabo, ko wani ɗan abu ya fashe, ko ka ji ƙauri, kada ka jona shi da komai. Kusa da bakin nan akwai wasu 'yan ƙananan kayan kariya da aka sa don su mutu a madadin faifan idan wuta ta yi yawa. Sau da yawa su kaɗai ne ke tafiya, farantan da ke ɗauke da hotunan Baba ko ƙwarzane ba su yi ba, kuma mai gyaran lantarki da ya san aikinsa zai iya magance wannan. Abin da ba na so shi ne wani ya ce zai ciro allon wani faifai irinsa ya ɗaura maka kawai. A yawancin faifan da ke hannun mutane yanzu, allon yana ɗauke da bayanan saiti na wannan faifan shi kaɗai, sai an ɗauko su an mayar kan sabon allon kafin ya yi aiki.

In allon yana da tsabta, babu ƙauri, mu ci gaba.

Da wani ne ya rubuto, da na ce masa ya ajiye kuɗinsa. Kwamfutar tebur ba laftof ba ce, a cikinta yawanci akwai ragowar ramin SATA a kan bod da ragowar bakin wuta, sai a kashe, a zare daga soket, a buɗe gefe, a jona tsohon faifan a matsayin na biyu da 'yar wayar da za a ciro daga tsohuwar kwamfutar. Babu hanyar da ta fi wannan araha, kuma babu ɗan aike tsakanin faifan da kwamfutar. Amma kai ban ba ka wannan shawarar ba. Faifanka ya fito daga gidan gobara ne, sabuwar kwamfutar kuma ita kaɗai ke ciyar da shagon. In akwai wata ɓoyayyiyar matsala a allon faifan, gara ta huce a kan adaftar kesin da ta huce a kan abin neman abincinka. Kada garin neman gira a rasa ido. Ga shi kuma ƙananan kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwa, irin siraran nan, wasu ba su da ragowar bakin wuta ko wurin ɗaura faifai na biyu.

To me za ka saya? Abu uku ne ke yin aikin. Akwai kesin na inci 3.5, akwati rufaffe da faifan zai zauna a ciki. Akwai wanda ake kira dokin, mai buɗaɗɗen baki a sama, ana tsoma faifai a tsaye kamar yadda ake cusa kaset a tsohuwar rediyo, yana karɓar babba da ƙarami. Akwai kuma waya irin taka, amma mai ramin adafta a gefe da adaftarta a kwali. Dukansu abu guda ne a ciki: ɗan allo mai fassara harshen SATA zuwa na USB, da hanyar shigo da bolt 12 daga bango. Ga mai shago irinka, da mutane za su riƙa zuwa da faifansu suna neman a ciro musu abu, dokin yana da daɗin aiki, ba sukuru ba sukundireba. Aibinsa shi ne rabin faifan yana waje, a tsaye, a shagon da ɗalibai ke cunkushewa kan tebur lokacin haɗa kundin kammala karatu. Gwiwar hannu ɗaya ta ishe shi. Faifai mai juyawa ba abin da ya tsana kamar a buge shi yana cikin gudu. Ga ƙurar hunturu kuma. Ni dai a wurinka kesin zan saya, na alminiyam, don ƙarfen yana janye zafi. Masu ƙera faifai yawanci suna sa iyakar zafin aiki a wajen digiri 60, ni kuma ba na son in ga ya haura 50, kuma ka san yadda shago mai rufin kwano yake a watan Afrilu da injin hoto yana huci a gefe. Kesin roba marar ramukan iska tukunya ce. In ka samu mai 'yar fanka, ya fi, sai dai ka jure ƙararta.

Idan ka je kasuwa, kada ka ce "a ba ni kesin" ka yi shiru, abin da ya faru da farko zai sake faruwa, domin na laftof ya fi yawa a kanta. Ka ce na faifan kwamfutar tebur kake so, inci 3.5, SATA, USB 3.0, mai adaftar bolt 12. Ka karanta kwalin da idonka, ka sa a buɗe ka ga adaftar a ciki, ka karanta jikinta: 12V, 2A. In an ce adaftar daban ake sayarwa, ko aka jawo wata daga ƙarƙashin kanta aka ce "wannan ma za ta yi", ka yi gaba. Maganar tsohon nau'in nan na IDE, mai faffaɗar waya kamar ɗamara da ƙusoshi 40, ba ta shafe ka ba, tunda wayar SATA ta shiga naka.

Sunayen USB kada su ruɗa ka. USB 3.0, da USB 3.1 Gen 1, da USB 3.2 Gen 1, abu ɗaya ne aka yi ta canza wa suna, gudunsa gigabit 5 a daƙiƙa, kuma yawanci cikin bakinsa shuɗi ne. Ya fi ƙarfin kowane faifai mai juyawa, don haka kada ka ƙara ko kwabo don an ce maka wani yana gigabit 10. Wanda za ka guda shi ne USB 2.0. Yana aiki, amma a aikace megabait 30 zuwa 40 yake kwashewa a daƙiƙa, wato cikakken faifai mai gigabait 500 zai ci kusan awa huɗu ko fiye. Da USB 3.0 tsohon faifai irin naka zai iya gamawa a kamar awa ɗaya da rabi, in manyan fayiloli ne. A ƙasar da wuta ke zuwa da tafiya ba sallama, wannan bambancin ba na jin daɗi ba ne kawai. Ka kuma leƙa bayan sabuwar kwamfutar ka tabbata tana da shuɗin rami. In babu, kesin zai yi aiki duk da haka, sai dai a gudun na 2.0.

Za ka ga sunaye irin su Orico da Ugreen. Sunan da ke kan kwali bai dame ni ba kamar nauyin adaftar da ke ciki. Wadda ka ɗaga ka ji kamar fanko, ka yi shakkarta. Ka duba iyakar girman faifan da aka rubuta kesin yana ɗauka, don wata rana za ka sa masa wanda ya fi terabait 2, kuma wasu tsofaffin kesin suna tuntuɓe a nan. Sannan ka ce a gwada a gabanka, amma da faifan mai shagon, ba da na Baba ba. Na Baba ka bar shi a gida, a naɗe, a kwance cikin aljihun tebur. Ka ɗauki hoton takardar bayansa da na bakinsa a wayarka, ya isa. Ba na son ya sha girgizar babur a banza, kuma ba na son a jona shi da wata adaftar da ba ka san asalinta ba.

Bari in tsaya a kan adaftar nan, don a nan na taɓa yin kuka. Shekarun baya ina kwashe wa wani ɗan'uwa kaya daga faifansa, teburin cike da wayoyi, na miƙa hannu ba tare da na duba ba na ɗauko baƙar waya mai zagayen baki, na cusa a kesin. Ta shiga lafiya lau. Cajar laftof ce, mai bolt 19. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba na ji ƙauri. Bakin cajar wasu laftof da na adaftar kesin kusan girmansu ɗaya, babu abin da zai hana ka, babu abin da zai gargaɗe ka. Allah ya taimake ni abin ya tsaya a kan kayan kariyar da na ambata, amma na yi kwanaki ban iya haɗa ido da mai faifan ba. A shago irin naka, inda kowane ɗalibi ke zuwa da cajarsa ya bar ta a kan tebur, wannan ba tsautsayin da zai zo wata rana ba ne, yana bakin ƙofa. Ranar da ka sayi kesin, ka naɗa wa kan adaftar jan salatif, ka naɗa wa kesin irinsa, ka gaya wa yaron shago cewa ja da ja kaɗai ke haɗuwa.

Haka kuma kan da ke shiga soket. In adaftar ta zo da ƙafa biyu zagayayyu, kada ka yi dabarar nan tamu ta tura makulli ko murfin biro a ramin sama a cusa ta da ƙarfi. Tana zama sako-sako, wani ya taɓa waya wuta ta ɗauke ta dawo, faifan yana tsakiyar karatu. Ka sayi kan canji mai ƙafa uku da ke kamawa gam. In kana da UPS, batirin nan mai riƙe wuta idan an ɗauke, kwamfutar da adaftar kesin duka su kasance a kansa. Na sha ganin an sa kwamfuta a UPS, kesin a bango, a ɗauke wuta kwamfuta tana raye faifai ya mutu a hannunta. In ba ka da shi, ka ari na maƙwabci na yini ɗaya, ko ka kai aikin inda ake da sola, ko ka tayar da janareta ka bari ya daidaita, ka ƙi komawa wutar gari sai ka gama. Abin da ya ƙona ta farko bai yi ƙaura ba.

Haɗawar ita ce mafi sauƙi. Ka taɓa ƙarfen jikin kwamfuta tukuna don ka sauke ɗan lantarkin da ke jikinka, lokacin sanyi da bushewar iska ya fi taruwa. Ka riƙe faifan ta gefe, kada yatsa ya hau koren allon. Bakin SATA yana da 'yar lanƙwasa a gefe guda, ta fuska ɗaya kawai yake shiga, in ya ƙi kada ka danna, juya shi. Ka ɗaure sukurorin, ka kwantar da kesin a kan tebur mai ƙarfi inda ba za a ture shi ba. Wayar USB ta tafi ramin bayan kwamfuta, waɗanda ke manne da bod kai tsaye, ba na gaba ba, ba kuma ta cikin abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu ba. Ka jona adafta, ka kashe rediyo, ka sa kowa ya yi shiru, sannan ka danna makunnin.

Kunnenka ne likita a nan. Faifai mai lafiya za ka ji ya fara juyawa, ƙarar tana hawa a hankali har ta daidaita, sai ɗan ƙus-ƙus na daƙiƙa kaɗan, sai ya natsu. In ka ɗora tafin hannu za ka ji ɗan kaɗawa. Wannan ka ce alhamdu lillahi. In kuwa ka ji ƙas, ƙas, ƙas, yana maimaitawa, ko yana tashi yana faɗuwa, kashe nan take. Raunin adafta yana iya jawo haka, don haka an yarda ka sake gwadawa sau ɗaya da wata mai bolt 12 da amfiya 2 da ka tabbatar da ita. In ya sake, ka tsaya. Kowane kunnawa bayan nan yana iya zama allura tana kartar farantin da hotunan suke. In fitilar adaftar ko ta kesin ta mutu da zarar ka kunna, alamar allon faifan ne ya sha wuta, ka koma maganar mai gyaran lantarki. Za a ba ka shawarwari: a sa shi a firji, a ɗan buga shi da tafin hannu, a kwance murfin a duba. Ko ɗaya kada ka yi. Tazarar da ke tsakanin allurar karatu da farantin ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, buɗe shi a iskar shago kashe shi ne. Faifai mai ƙas-ƙas aikin masu ceto bayanai ne da ke da ɗaki na musamman marar ƙura, kuma da tsada. Amma muddin ba a taɓa shi ba, zai iya jira shekara a aljihun tebur har kuɗin su samu.

Mu ɗauka ya juya lafiya, wanda shi ne zatona. Mai yiwuwa ka ga sabon harafi ko biyu, irin wanda Windows ke ba kowane yankin faifai, sun bayyana a cikin This PC. Kada ka damu in ka ga wani ɗan ƙaramin yanki mai 'yan megabait, na tashin Windows ne, ka bar shi. Kada kuma ka ce an sace maka wuri in jimillar ta nuna gigabait 465 maimakon 500, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. In bai bayyana ba, ka danna maɓallin Start da hannun dama na linzami, ka buɗe Disk Management. In faifan yana nan da yankunansa, an rubuta NTFS, wato tsarin ajiyar Windows, harafi kawai ya rasa, sai ka danna dama a kan yankin ka ba shi harafi.

Amma akwai tambayoyi biyu da Windows zai iya yi maka cikin ladabi, kuma amsar duka biyun a'a ce. Ɗaya, ya ce sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi amfani da shi. Ɗaya kuma, ya ce a yi masa Initialize. Ka danna Cancel, ko sau nawa ya tambaya. Wannan saƙon ba ya nufin babu komai a ciki, yana nufin Windows ya kasa karanta littafin ne. Yana iya zama ɗaukewar wutar ce ta ɓata shafin farko. Yana iya zama kuma laifin kesin ne, don akwai waɗanda ke gabatar wa kwamfuta faifan da wani ma'aunin yanki daban da wanda aka tsara shi da shi, sai lafiyayyen faifai ya fito kamar wanda ba a taɓa rubutu a kai ba. Shi ya sa matakin farko shi ne a gwada wani kesin, ko a jona shi a cikin kwamfuta kai tsaye, tunda yanzu ka san allonsa lafiya. In har yanzu haka ne, akwai manhajoji na kyauta, TestDisk da PhotoRec, na farkon yana neman ɓataccen yanki, na biyun yana tsinto hotuna da takardu ko da littafin ya yage, sai dai ba da sunayensu na asali ba. Ba su da kyan fuska, ka nemi wanda ya saba da su ya zauna kusa da kai. Doka ɗaya ce: duk abin da aka ceto, a wani faifan daban za a ajiye shi, ba a kan majinyacin ba. Kuma in Windows ya ce bari ya duba ya gyara kurakuran faifan, ka ce masa ya dakata sai ka kwashe kayanka.

Kayan suna cikin foldar Users, ƙarƙashin sunan da Baba ya sa wa kwamfutar, a Desktop da Documents da Pictures. In tsohuwar Windows XP ce, sunan foldar Documents and Settings. Zai iya cewa ba ka da izinin shiga, sai ka danna Continue ka ba shi lokaci. Ka leƙa sauran yankunan ma, dattawa da yawa suna ajiye abin da suke ji da shi a yankin D.

Kada ka zaɓi komai gaba ɗaya ka ce a kwafa. Ba ka san sauran numfashin da ya rage wa faifan ba, don haka ka fara da abin da ba shi da madadi. Ayyukan ɗaliban nan uku su ne farko, amana ce, kuma ƙanana ne, minti ɗaya ya ishe su. Sai hotunan Baba, sai lissafin shago, sai bidiyon, sannan tarkace. Kwafa za ka yi, ba yankewa ba, asalin ya zauna inda yake. Manhajoji kada ka wahalar da kanka, ba sa aiki ta hanyar kwafa, sai an sake girka su. Ka buɗe wasu daga cikin abin da ka kwafa ka tabbata suna buɗuwa. Kuma ka san halin kwamfutar shago da filashin duniya ya shiga ya fita: ka sa manhajar kariya ta bincike faifan bayan ka kwashe na gaggawa, kuma in ka ga folda ta koma 'yar alama mai kibiya, kada ka danna ta.

Bayan hankalinka ya kwanta, ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana karanta rahoton da faifan ke rubutawa game da lafiyar kansa, ta nuna shuɗi in lafiya, rawaya in an fara samun ɓatattun wurare, ja in ya kusa. Za ta nuna maka zafinsa da yawan awannin da ya yi yana aiki tun zamanin Baba. Ko shuɗi ta nuna, ni ba zan mayar da shi rumbun shago ba. Ya tsufa, ya kuma ga gobara. Ka bar shi da abin da ke ciki a matsayin kwafi na ajiya, ka ciro shi ka adana, in hali ya samu ka sayi sabon faifai ka sa a kesin, ka riƙa zuba aikin shago duk ƙarshen mako, ka cire shi ta hanyar Eject, ka zare shi daga wuta da kwamfuta. Wanda ke jone dare da rana, wutar da za ta ci kwamfuta tare za ta ci su.

Ɗaliban nan kada ka jira sai kesin ya zo. Ka kira su yau ka gaya musu abin da ya faru. Mai yiwuwa wani yana da kwafi a filashi, ko a imel, ko a WhatsApp ɗin da ya turo maka, kuma gara su ji daga bakinka da sauran lokaci da su ji ana gobe za su miƙa. Hajiya ma ka gaya mata. Ka ce kwamfutar ta ƙone, abin da hotunan ke ciki yana hannunka, kana kan ƙoƙari, ta sa ka a addu'a. Uwa ce, ta riga ta ga alamar damuwa a fuskarka, rashin sanin dalilin ya fi mata nauyi.

Ranar da hotunan suka fito, kada su sake kwana a wuri ɗaya. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, ka ɗora su can. Ka tura wa 'yan'uwanka, kowa ya riƙe nasa. Bidiyon in ya haura gigabait 4 filashi ya ƙi karɓa duk da akwai wuri, tsarin FAT32 ne ya hana, sai ka sami filashin da babu komai a ciki ka mayar da shi exFAT. Sannan kai fa mai wankin hoto ne. Ka zaɓi biyar ko shida da Baba ya fi kyau a ciki, ka wanke su manya a takarda mai kyau, ka sa ɗaya a firam, ka kai wa Hajiya ɗakinta da hannunka.